Akwatin bayan ƙaramar tarakta: kafaffe ko mai juyewa, wanne za ka sa a ƙera maka a Magazin?

Duk wanda ya sayi ƙaramar tarakta, irin mai ƙarfin doki 20 zuwa 35, ba ya daɗewa yake gane cewa garma da haro aikin 'yan makonni ne a shekara. Ko mu nan ƙasar Asante da Allah ya ba damina biyu, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, da an gama huɗa sai tarakta ta koma rumfa tana shan ƙura, mai ita kuma yana ta biyan 'yan dako da masu aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, su shigar masa da taki gona, su fito masa da masara bakin hanya. Abin da ke sa ta ci gaba da amfani a sauran watannin shi ne akwatin ƙarfe da ake ratayawa a hannuwanta na baya. A sauke shi ƙasa a loda, a ɗaga, a tafi. Ba taya balle faci, ba kuma wahalar ribas irin ta tirela.

Mutumin Kumasi ba shi da dalilin jiran wanda za a kawo daga waje. Magazin ta Suame tana nan, ana lissafa ta cikin manyan matattarar maƙera da kanikawa a Afirka, kuma a layi ɗaya za ka sayi ƙarfe, a yanka, a lanƙwasa, a huda, a yi walda. Sai dai idan ka shiga ka ce kawai a yi maka akwati, kowane masta zai yi maka irin wanda hannunsa ya saba, kuma hannun yawancinsu ya saba ne da bodin tifa da na Kia. Za ka samu abu mai ƙwari wanda taraktarka ba za ta ji daɗin ɗauka ba. Don haka gara ka yanke shawara tun a gida.

Zaɓin farko, wanda sauran duk suke binsa, tsakanin iri biyu ne. Akwai kafaffe, wanda bodi da firam duk abu ɗaya ne, sai ƙofar baya da ake zarewa. Akwai mai juyewa, wanda bodin ke zaune kan wani firam daban, a ja liba sakata ta saki, ya tuntsura baya ya zubar da kaya. A ganina, mafi yawan masu ƙaramar tarakta kafaffe ya kamata su yi, mara nauyi, mai faɗi, gajere daga gaba zuwa baya. Mai juyewa yana da mutanensa, zan zo kansu, amma ba su kai yawan masu sha'awarsa ba.

Gaban tarakta ne ke yanke hukunci

Mutane sukan tambayi nawa haidirolik ɗin zai iya ɗagawa. Tambaya ce mai kyau, kuma littafin tarakta yakan ba da lamba biyu: abin da za ta ɗaga a daidai bakin hannuwa, da abin da za ta ɗaga a santimita 61, wato inci 24, bayan hannuwan. Ta biyun ta fi ƙanƙanta, ita ce kuma ta shafe ka, tunda kayan akwati ba a bakin hannu suke zama ba. To amma a ƙaramar tarakta, kafin haidirolik ya gaza, gaba ya riga ya yi sako-sako.

Ga misali da lissafi, kowa ya sa lambobin tasa taraktar. A ce nauyinta kilo 1,200, tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 1.6, kuma kilo 480 na nauyin yana kan tayoyin gaba. Ka rataya akwati, shi da kayansa kilo 400, tsakiyar nauyin tana mita 1.2 bayan tayoyin baya. Ka ninka 400 da 1.2, ka raba da 1.6, ka samu 300. Wannan kilo 300 an zare shi ne daga kan tayoyin gaba, saura 180 ke danne su a ƙasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin gaba ya gaza kashi 20 cikin 100 na jimillar nauyi, a nan kilo 320 ke nan daga cikin 1,600. Ka ga tun ba a tashi ba akwai giɓin kilo 140 da sai an cike shi da ƙarfen nauyi a hancin tarakta. Idan kuma masta ya ƙara wa akwatin tsawo har tsakiyar nauyin ta matsa baya da santimita 20 kacal, wani kilo 50 ya sake barin gaba. Bokitin ruwa ne: rungume a ƙirji ka kai shi inda za ka, a miƙe da hannu ko taku goma ba za ka yi ba.

Na ga abin da ido a wata gona can bayan Mampong. Direba ya lodo yashi daga bakin rafi a wani akwati mai zurfi, ya ɗaga shi har ƙarshe, ya tunkari hawan fita. Yana taka mai sai tayoyin gaba suka bar ƙasa, suna ta juyawa hagu da dama a iska saboda hannunsa bai bar murza sitiyari ba. Yaran da ke tsaye suka kwashe da ihu. Allah ya sa ya taka kuloci, gaban ya dawo ya daki ƙasa da ƙarfin da ya fasa fitila ɗaya. Mai gonar, wani dattijo, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, sauke rabi, yashin ba gudu zai yi ba." Da akwatin yana ƙasa-ƙasa, da shi zai fara taɓa ƙasa ya tokare tun gaban bai yi nisa ba. Shi ya sa ake tafiya da kaya a ɗage kaɗan, iya abin da zai tsallake kunya da kututture, kuma hawa mai tsauri da kaya a baya da ribas ake hawansa.

Wannan lissafin shi ne ma'aunin da za a ɗora kowane zaɓi a kai. Duk kilo ɗaya na ƙarfen akwati kilo ɗaya ne na kaya da ka rasa, duk santimita da kaya suka matsa baya kuma sitiyari ne ke biya.

Kafaffe da mai juyewa

A ɗauki girman da ya dace da tarakta mai ƙarfin doki 25 ko makamancin haka: faɗi mita 1.2, daga gaba zuwa baya santimita 70, zurfi santimita 40. Faɗin kada ya wuce gefen tayoyin baya, don inda tarakta ta shige akwati ma ya shige, musamman ga mai bi tsakanin bishiyoyin kashu ko mangwaro. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85 a kowace murabba'in mita. Ƙasan akwatin da falle mai milimita 3 zai zo kilo 20, bangwaye huɗu da mai milimita 2 kilo 24, firam da kunnuwan da hannuwan tarakta ke kamawa da fil su cike sauran, duka a tashi a wajen kilo 90. Mutum biyu za su iya jan sa su daidaita shi da hannuwan tarakta. Buhun taki shida na kilo 50 za su zauna a ciki, ko galan takwas na ruwa irin masu ruwan ɗorawan nan na lita 25, ko injin feshi da magani da kayan ma'aikata. Babu abin da ke motsi a jikinsa sai ƙofa, don haka babu abin da zai lalace sai abin da tsatsa ta ci.

Mai juyewa yana buƙatar firam biyu, ɗaya na rataya ɗaya na bodi, ga hinji, ga sakata, ga liba. A girman nan, a lissafina, ƙarin kilo 30 zuwa 40 ne, bodin kuma dole ya ja baya kaɗan don ya samu wurin tuntsurawa ba tare da ya goga firam ba. Asara biyu ke nan a kan ma'aunin da muka kafa. Kuɗin aiki ma ya fi, domin wurin da za a sa hinjin ba da ka ake zaɓarsa ba. In ya yi baya da yawa, ka ja liba akwati ya ƙi motsi, sai an sa hannu an tura. In ya yi gaba da yawa, duk nauyin kaya yana kan sakata, ta yi tauri ta ƙi sakuwa, ranar da ta saki kuma bodin ya faɗa baya da ƙarfin da zai girgiza tarakta. Wanda aka yi daidai, tsakiyar kaya tana ɗan bayan hinji kaɗan, ya juye a hankali, sannan in ka sauke hannuwa ƙasa ta tura shi ya koma mazauninsa sakata ta kama da kanta. Akwai mastocin da suka iya wannan a Magazin, amma ka nemi ganin wanda mutum ya taɓa yi yana aiki kafin ka ba da kuɗi.

Sakatar nan ita ce abin tsoro. Kullum cikin ƙura da laka take, sifirin ɗinta yana sanyi, bakinta yana cinyewa. Ranar da ta saki a kan hanya, kayanka suna titi. Duk mai juyewa a yi masa rami na biyu da za a zura fil a kulle shi in za a yi tafiya mai nisa. A kuma gargaɗi yara kada kowa ya sa hannu tsakanin bodi da firam.

To wa ya kamata ya jure duk wannan? Mai kwasar abin da ake zubawa a tsibi. Mai gidan kaji a kewayen Kumasi da ke fitar da kashin kaji kullum, mai garken shanu da ke kai taki gona, mai cike ramukan hanyar gonarsa da jar ƙasa da tsakuwa, mai gini a ƙauye da ke jigilar yashi. Ga waɗannan, sauke kaya da shebur sau goma a yini ya fi kuɗin hinji tsada, kuma wanda ya taɓa tsayawa cikin kashin kaji yana kwasa da rana ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai dai akwai tarko a nan. Kayan zubawa su ne mafi nauyi. Akwatin da muka auna yana cin lita 336. Busasshen yashi yana kai kilo 1,600 a kowace lita 1,000, wato in an cika shi fal an ɗora wa tarakta kimanin kilo 540, jiƙaƙƙe kuma ya fi haka, alhali tsabar masara a wannan akwatin kimanin kilo 240 ce kawai. Lebura kuwa ba ya daina zubawa sai ya ga akwati ya cika. Saboda haka mai juyewa na ƙaramar tarakta a rage masa zurfi zuwa santimita 30, in kayan marasa nauyi ne a ƙara masa katako a sama.

Mai noman masara a Ejura ko Atebubu, kayansa a buhu suke, kuma buhu ɗauka ake yi, ba zubarwa ba. Doya in aka juye ta a ƙasa ta ƙuje, ƙujajjiyar doya kuma ba ta ajiyuwa, ba ta kuma daraja a kasuwa. Tumatir na Akumadan a akwatunan katako yake fita, abin da yake so shimfiɗaɗɗen wuri ne mai bangon da ake cirewa. Duk waɗannan kafaffe ne nasu, su sa rarar kuɗin a ƙarfen nauyi na gaba.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ake yawan kawowa: a bar akwati kafaffe, a maye sandar sama, wato hannu na uku da ke riƙe akwatin daga sama, da silindar haidirolik, in an miƙe ta akwatin ya karkata baya. Dabara ce mai kyau ga wanda taraktarsa ke da bakin haidirolik na ƙari a baya, abin da ƙanana da yawa ba su zo da shi ba. Karkatar ma ba ta da yawa. Busasshen yashi sai an kai digiri 30 zuwa 35 yake fara gangarowa, jiƙaƙƙen taki kuwa ko a 45 yana iya liƙewa. Za ta rage maka aikin shebur, ba za ta raba ka da shi ba.

Wane ƙarfe

A kan firam, gardamar tsakanin angul ne da fayif mai kusurwa huɗu. Angul yana da sauƙin walda, ko'ina a jikinsa fenti yana kaiwa, ruwa ba ya ɓuya a cikinsa, kuma mai 40 da 40 da kaurin milimita 4 bai wuce kilo 2.4 a mita ba. Aibinsa murɗewa. Ka loda gefe ɗaya, ka faɗa rami, sai ka ga akwati ya karkace, ƙofar baya ta ƙi shiga mazauninta. Fayif ba ya murɗewa da sauƙi, amma yana tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, kuma kasuwa cike take da marasa kauri, na milimita 1.2 da 1.5, waɗanda aka yi don ƙofar gida da tagogi. Irin wannan wutar walda tana huda shi, in ma ya kamu, a gefen waldar yake yagewa. Ni haɗawa nake ganin ya fi: inda tarakta ke riƙewa da sanduna biyu da ke bi ta ƙarƙashin akwati a yi su da fayif mai 50 da 50, kauri milimita 4, ko canel, bakin sama da kusurwoyi kuma angul ya isa. Kowane bakin fayif a toshe shi da walda, ko a huda masa ƙaramin rami a ƙasa ruwa ya riƙa fita. In za ka sayi ƙarfe, ka tafi da ma'aunin kauri ka auna da hannunka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta da alli.

Masta zai so ya yi maka komai da falle mai milimita 5, ya ce har jikoki. Gaskiya ne zai kai, amma a akwatin nan falle kaɗai zai tashi daga kilo 44 zuwa sama da 90. Buhun taki guda ke nan za ka riƙa yawo da shi kullum ba tare da ka sauke ba. In ana so bango mai milimita 2 ya yi ƙarfi, a lanƙwasa bakinsa na sama a injin lanƙwasa, ya fi a ƙara masa kauri. Falle mai ƙuraje, irin na matakalar mota, yana hana buhu zamewa, amma shebur yana cijewa a kansa, datti yana maƙalewa, don haka bai dace da mai juyewa ba sam.

Wasu suna shimfiɗa katako a ƙasa maimakon falle. Kada a yi don rage nauyi, domin katakon da zai jure, irin odum ko dahoma, in ya kai kaurin inci ɗaya da rabi ya kamo falle mai milimita 3 a nauyi. Wawa ba shi da nauyi amma damina ɗaya ko biyu ya ruɓe. Amfanin katako a wani wajen yake: takin zamani, musamman yuriya da salfa, yana cin ƙarfe da zarar ya ji danshi, haka ma kashin kaji, katako kuwa bai damu ba, in falanki ɗaya ya karye a je Sokoban a sayo wani a ɗaura da noti. Yana kuma tausaya wa doya. Ga kafaffen akwati na mai buhuna zaɓi ne mai kyau. Ga mai juyewa, falle mai santsi.

Tsohon ƙarfe daga wajen 'yan kondem na Akwatia Line da Dagomba Line yana rage kuɗi sosai, kuma tsohon angul ko canel da tsatsa ba ta ci ba babu laifi a kansa. Abu uku ne dai a guje musu. Sifirin ɗin mota yana da kyan gani a matsayin kunne, amma ƙarfe ne mai tauri da ke tsagewa a bakin walda ba tare da gargaɗi ba. Rodin gini ba fil ba ne, ko da an goge shi ya shiga rami. Tsohon tankin mai ko durom da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, kada a kusance shi da wuta. Ƙarfe mai rufin zinki kuma hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi, a goge wurin tukuna a yi aikin a fili.

Inda tarakta ke riƙewa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Tsarin hannu uku da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, wanda ya bazu a duniya da taraktar Ford-Ferguson ta 1939, yana da ma'auni tsayayye. Yawancin ƙananan taraktoci rukuni na 1 ne: fil na ƙasa milimita 22, na sama milimita 19, tsakanin kunnuwan ƙasa kimanin santimita 68, daga layin fil na ƙasa zuwa na sama santimita 46. Manya irin Massey Ferguson 375 da 385 da suka cika gonakin Ejura rukuni na 2 ne, fil 28 da 25, tsakani kimanin santimita 82. Mastan da ya saba gyaran garmar manyan zai yi maka da ma'auninsu in ba ka yi magana ba. Wasu tsofaffin ƙanana da ake kawowa daga Japan kuma, irin su Kubota da Yanmar da Iseki, an tsara bayansu ne don injin markaɗa ƙasa na gonar shinkafa, da guntuwar sandar sama da matsattsun hannuwa. Maganin duka ɗaya ne, a kai tarakta bakin shago, ko a ɗauki masta a kai shi inda take.

Na tsaya a kan wani masta yana wannan aikin, ya burge ni. Da alli ya zana firam ɗin a kan siminti, ya sa yaron shago ya ɗiga walda a wuri huɗu kawai, aka ɗaga aka rataya a tarakta. Ya ce wa direba ya ɗaga a hankali, shi kuma ya durƙusa yana zura tafin hannunsa tsakanin ƙarfe da taya. A can sama ya ga kusurwa tana neman taɓa murfin taya. Mai taraktar yana ta duba agogo, ya ce, "Masta, ai wannan ɗan kaɗan ne, a ƙone kawai." Ya ce, "Alhaji, yanzu guduma ɗaya ce ta raba shi. In na ƙone, sai dai ka sake sayen ƙarfe." Ya ɓalle ɗigon, ya matsar da kunnuwan yatsa biyu, sannan ya sa aka yi waldar gaske.

Kunnuwan a yanke su daga ƙarfe mai kaurin milimita 10 zuwa 12, a huda da injin huda. Ramin da aka ɓula da wutar walda ba ya zama da'ira, fil yana rawa a ciki, rawar kuma tana faɗaɗa ramin har ya zama ƙwai. Kunne biyu da fil ke ratsawa ta tsakaninsu sun fi fil guda da aka ɗaure da noti yana leƙe a gefe, domin nauyi yana rabuwa gida biyu, kuma in fil ya cinye sai a zare a sa sabo. Fil ɗin kansa a saya na asali a wajen masu kayan tarakta, da ɗan makullinsa, ba ƙusa a lanƙwashe ba.

Ginshiƙin da sandar sama ke kamawa jan sa ake yi duk lokacin da akwai kaya. Kilo 400 da ke zaune santimita 40 bayan fil yana jan kansa da ƙarfin da ya kusa kilo 350 a tsaye cik, a ramin hanya kuma abin yana ninkuwa. Gindinsa ne ke fara tsagewa. A tokare shi da ƙarfe biyu a karkace zuwa firam na ƙasa, a sa 'yan ƙananan kusurwoyi a mahaɗa. Sandar walda ta 6013 da kowa ke amfani da ita ta isa bodi, a kunnuwa da ginshiƙi kuwa in masta yana da 7018 busasshiya da injin da ke jan ta, ta fi. Ko da wacce aka yi, a goge bakin ƙarfe mai kauri ya yi gangare kafin walda don wuta ta shiga ciki, kada ta kwanta a sama kawai.

Kafin ka kashe kuɗin, ka tabbata akwati ne buƙatarka. In jigilarka a kan kwalta ce, daga gona zuwa kasuwar Ejura ko Techiman, aboboya ta fi sauri ta fi arahar mai, tan biyu ko uku na masara kuma aikin tirela ne. Akwati na cikin gona ne, inda laka ke kama aboboya a watan Yuni da Oktoba, da lungun da tirela ba ta juyawa. Ba kuma na ɗaukar mutane ba ne. Na san ana yi, musamman lokacin girbi da ma'aikata suka gaji, amma fil ɗaya ne tsakanin wanda ke zaune a ciki da ƙasa, ga taya tana juyawa dab da kafaɗarsa.

Fenti ba ya buƙatar dogon zance. A kankare tsatsa, a shafa jan fenti na ƙasa sau biyu, sannan na sama. A huda ramuka a kusurwoyin ƙasa don ruwan sama, a liƙa abin ƙyalli ja a baya tunda akwati yana rufe fitilun tarakta, a riƙa wanke shi duk ranar da ya ɗauki taki, a ajiye shi a kan bulo ko a jingine, ba a kan danshi ba.

Gwajin a yi shi kafin fenti, kafin kuma cikon kuɗi, domin fenti yana rufe tsaga. A loda buhunan siminti na kilo 50 har adadin da kake niyyar ɗauka, a ƙara ɗaya. A ɗaure sarƙoƙin gefe don akwati ya daina lilo, a sa libar haidirolik a kan riƙe matsayi, ba a kan ta garma da ke bin taurin ƙasa ba. A ɗaga, a kashe inji, a ga ko yana sauka da kansa, in yana sauka matsalar taraktar ce, ba ta masta ba. Sannan a tayar, a haɗe birki biyu, a bi hanya mai gargada a hankali, a ji ko sitiyari yana amsawa. In an dawo a goge gindin ginshiƙi da kunnuwa da tsumma a duba da tocila. In mai juyewa ne, a cika shi da jiƙaƙƙen yashi zuwa inda aka ƙayyade, a juye sau uku a jere, kuma direban da zai riƙa aiki da shi ne zai ja libar daga kan kujerarsa, ba yaron shago da ke tsaye a ƙasa ba.